Ba a Sauko da Saudatu Ba

Ranar da Manar ta zo yi wa Hajiya Saudatu bankwana, ba ta shigo da jakar aikinta ba. Tsohuwar ta lura da haka tun kafin su gaisa, domin ita ce ta buɗe mata ƙofa da kanta, hannun dama a kan ƙarfen da aka kafa a bango, ƙafar hagu tana jan ƙasa a bayanta.

Manar ma'aikaciyar jinya ce a wata jam'iyyar agaji da ke kula da tsofaffi da naƙasassu a cikin gidajensu, da tallafin da gwamnati ke ba ta. Tun lokacin da ɓarin jikin Saudatu na hagu ya shanye, ita ce ke zuwa a kai a kai cikin mako, ta murza mata ƙafa, ta sa ta tashi ta zauna, ta tsaya a bayanta tana taka falo daga wannan bango zuwa wancan. Jam'iyyar ce ta kafa ƙarafan riƙo tun daga gefen gado har banɗaki, ta ɗaga mazaunin bayan gida, ta ajiye kujera a gaban famfo. Da waɗannan ƙananan abubuwa ne mace mai shekara saba'in da ɗoriya take zaune ita kaɗai a hawan ƙasa na benen da mijinta ya bari a unguwar Shisha ta birnin Makka, tana dafa shayinta, tana yin alwalarta, ba ta kiran kowa ya kama ta.

"An yanke mizaniyya, ya Khala," in ji Manar, da Hausarta ta 'ya'yan unguwar Zahir wadda rabinta Larabci ne, tana kiranta Khala, wato inna. "Kasafin bana ya zo a gutsure. An rufe sashenmu, motar ma an karɓe."

"To ke ina za ki?"

"An mai da ni ofis, ina amsa waya."

"Wayar tana da ƙafar da za a murza mata?"

Manar ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta durƙusa ta kama gwiwar tsohuwar kamar yadda ta saba, ko da yake ba aiki ya kawo ta ba.

"Abu biyu nake roƙonki. Kada ki daina takawa, domin ƙafa irin wannan in aka bar ta ta kwanta, ba ta sake tashi. Sannan kada ki bar ɗakin nan. Da ƙarafan nan kike tsaye."

"Wa zai fitar da ni daga ɗakina?" in ji Saudatu. "Je ki amsa wayarki, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Ta ci gaba da takawa kuwa. Ramadan ya shigo ya fita tana zagaya falonta bayan kowace salla, ba mai tsaya mata a baya, tana yi wa ƙafar faɗa kamar wadda ke kora akuya.

Duk wanda ya zauna a Makka ya san abin da ake kira mausim. Idan aikin hajji ya ƙarato, masu gidaje a Shisha, saboda kusancinta da Mina, sukan tattara iyalinsu su koma ɗakunan da ke saman rufin bene, su ba alhazai hayar sauran gidan. Al'ada ce tsohuwa, ba wanda yake jin kunyarta. Hatim, ɗan Saudatu na fari, wanda ke zaune a hawa na biyu da matarsa Hadil da 'ya'yansu, yana yin haka kowace shekara. Hawan ƙasa ne kaɗai ba a taɓa bayarwa ba, domin Manar tana zuwa, motar jam'iyya tana tsayawa a ƙofa, kuma akwai idon da zai tambaya.

A cikin Shawwal Hatim ya shigo wurinta bayan la'asar, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Saudatu ba ta faɗin sunansa, kamar yadda uwarta ba ta faɗi sunan nata ɗan farin ba. Babba take ce masa, kuma ko shi ɗin sai ya zama dole.

"Ummi, dillali ya ce kamfanin alhazan bana gidan gaba ɗaya yake so. Ko duka ko babu."

"Duka har da ni?"

"Har da ke za su so, ya Ummi. 'Yan Najeriya ne, sai ki riƙa yi musu tuwo." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya gyara zama. "Ɗan lokaci ne. Ki hau sama wurinmu ki ga jikokinki. Da ma don Manar ake barin nan, ga shi ta daina zuwa. Zamanki ke kaɗai ba mai leƙo ki, mutane ma sai su zage ni."

"Ƙarafana fa?"

"Ba wanda zai taɓa su. Wallahi ranar da alhazai suka tashi, ni zan sauko da ke a bayana. Kuma kin sani, yankan da ya same ki ni ma ya same ni. Kwangilar da muke yi an tsayar da ita, ina zuwa wurin aiki ne kawai in zauna."

Wannan na ƙarshe gaskiya ne, ita ma ta san gaskiya ne. Ta dubi bango ta yi shiru. Uwa ba ta ja-in-ja da ɗan fari, ba ta roƙonsa ido da ido, shi kuwa ya tashi a cikin gidan da ya san ma'anar irin wannan shirun sarai. Ya zaɓi ya fassara shi da yarda.

Benen ba shi da na'urar hawa. A kan kujerar roba aka ɗora ta, Hatim da wani lebura suka ɗauke ta, suna hutawa a kowace kwana, tana riƙe da mayafinta da hannun da ke aiki. Gadonta mai tsawo an bar shi a ƙasa saboda alhazai. A ɗakin sama katifa ce shimfiɗe a dandaryar siminti.

Mai lafiya ba ya ganin bambanci tsakanin gado da katifar ƙasa. Wadda rabin jikinta ya mutu kuwa, daga gado takan zuro ƙafa ta dafa ƙarfe ta miƙe, amma daga ƙasa babu abin da zai miƙar da ita sai hannun wani. Banɗakin yana can ɗaya gefen rufin, a sarari, sai an ratsa simintin da rana ta gasa, kuma na tsugunno ne. Washegari Hadil ta kama ta za ta kai ta, suka yi tsakiyar fili ƙafar hagu ta harɗe, suka zube su biyu. Tafin hannun Saudatu ya ƙone a kan simintin kafin a ɗaga ta.

Da yamma Hadil ta shigo da wani ƙunshi a leda, ba ta iya haɗa ido da surukarta ba. Tana kiranta Amma, wato gwaggo.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Amma. Na mausim ne kawai."

Ƙunzugun manya ne, irin wanda ake sa wa marasa lafiyar da ba sa tashi.

"Ni ina jin fitsarina, Hadil. Ban kai nan ba."

"Na sani. Amma in muka sake faɗuwa kika karye fa? Me zan ce wa Abu Mish'al?"

Haka take kiran mijinta, da sunan babban ɗansu. Saudatu ta juya fuskarta bango, aka sa mata.

Abin da ya fi cin ranta ba zafin ɗakin ba ne, ko da yake na'urar sanyaya ɗakin tsohuwa ce, tana ruri fiye da yadda take sanyi. Salla ce. Mace da ta yi shekarun rashin lafiyarta ba ta taɓa yarda wani ya zuba mata ruwan alwala ba, yanzu sai ta ji kiran salla daga masallatan unguwa ta kwanta tana jiran a sami wanda ya huta. Wani lokacin Hadil ta kawo buta da roba. Wani lokacin azahar ta haɗu da la'asar. Daga baya aka ajiye mata wani dutse mai santsi a gefen katifa, aka ce ta riƙa taimama, ai addini ya sauƙaƙa. Takan yi sallar a kwance, tana kokwanton tsarkin jikinta, ta idar ba ta san ko ta yi ba.

Daga ƙasa muryoyin alhazai suna tasowa ta wajen matakala, Hausar Kano da ta Katsina, gardama a kan butar shayi, wata mata tana neman takalminta. Ta san daga wane ɗaki kowace murya take fitowa. Ranar da suka fita Mina da farin harami suna talbiya, ta bi su da leɓɓanta har sautin ya ɓace.

'Yarta Rabi'a, wadda ke aure a Jidda, takan kira a waya.

"Ummi, ya jiki? An rufe hanya, kin san ba a shiga Makka yanzu sai da izini. Da an buɗe zan zo."

"Ki faɗa wa yayanki ƙafata tana ƙanƙancewa."

"Zan faɗa masa. Ki yi haƙuri, saura kaɗan."

Alhazai suka tashi. Hatim da iyalinsa suka kwashe kayansu suka koma hawa na biyu, gidan ya cika da ƙarar jan akwatuna da murnar yara. Da aka gama, ya hawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ummi, ɗakinki sai an yi fenti. Kin san alhazai, sun ɓata bango. Bukra, in sha Allah."

Goben nan ta Larabci ta shiga Muharram. Rufin da ya cika da mutane a lokacin mausim ya koma babu kowa sai tankunan ruwa da tantabaru. Hadil takan hawo da safe da abinci ta canza mata, ta sake hawowa da yamma. Ba muguwar mace ba ce. Tana da yara, tana da ciwon baya, kuma matakalar tana da tsawo. Tana isowa tana haki, ta yi abin da za ta yi cikin sauri, numfashinta a riƙe. Kullum ana maganar za a ɗauko mai aiki, kullum ana jiran al'amura su daidaita.

Daga bakin Hadil maganar ta suɓuce, wata safiya tana goge mata baya.

"Mutanen umrar nan na ƙasa sun fi alhazai ɓarnar ruwa."

"Waɗanne mutanen umra?"

Hannun Hadil ya tsaya. Ta ce ita ba ta san komai ba, a tambayi Abu Mish'al.

Ya zo bayan kwanaki, domin ya ji an ce ana nemansa. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, a bakin ƙofa, inda warin ɗakin bai cika kaiwa ba.

"Kamfanin ne suka nemi su riƙe hawan ƙasa zuwa ƙarshen shekara. Ban so ba, wallahi. Amma ko na ce a'a, Ummi, ɗakin ba kamar yadda kika bar shi yake ba. Sai da aka cire ƙarafan kafin gadaje su shiga jikin bango. Suna nan a ajiye, ba a zubar ba."

Ta dube shi. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa suna.

"Hatim."

Ya ɗago a firgice kamar an mare shi.

"Hatim, ka sauko da ni. Ko a zaure ne ka ajiye ni. Ka ba ni gado da bango, zan tashi."

Idanunsa suka kawo ruwa. Ya shigo har cikin ɗakin ya durƙusa, ya sumbaci goshinta, ya rantse cewa wannan makon ba zai ƙare ba sai ya san abin da ya yi. Da gaske yake a lokacin da yake faɗa. Sai dai tsakanin rufin da hawa na biyu akwai matakala, kuma a kan matakalar nan ne kullum niyyarsa take hucewa. Abin da ya yi a wannan makon shi ne ya sayo sabuwar na'urar sanyaya ɗaki.

Rabi'a ta zo a cikin Safar da turare da dabino da sabuwar abaya. Da ta yaye zanin ta ga gyambon da ya buɗe a ƙugun uwarta, ta ga ƙafar hagu ta lanƙwashe ta manne da cinya, sai ta fasa kuka. Ta sauka ta tare yayanta a matakala, muryoyinsu suna hawowa.

"Haram alaik! Uwarka ce ka ajiye da tantabaru?"

"Ke da ke da tausayi, ga ta nan, ɗauke ta ki tafi da ita Jidda."

"Ka san a gidan wani nake. Ɗaki biyu gare mu, kuma mu ma a sama muke."

"To kin gani. Kowa ya iya faɗa daga nesa. Wa yake ciyar da ita? Wa yake sayen magani? Ki je ki yi wa waɗanda suka rufe jam'iyya ihu, ba ni ba."

Rabi'a ta dawo ta fesa turare a ɗakin, ta rataye abayar a ƙusa, ta ce direba yana jira, dole ta kama hanya kafin magariba.

Manar ta sake bayyana ne a ƙarshen Rabi'ul Awwal, wannan karon da jakarta. Ta buga ƙofar hawan ƙasa wani baƙo ya buɗe mata, sai da ta tambaya aka nuna mata sama. Hatim ya biyo ta. Ta tsaya a ƙofar ɗakin.

"Wayar ta sake ki?" in ji Saudatu daga katifa. Muryarta ta sirance.

"Ta sake ni kaɗan, ya Khala." Manar ta durƙusa. "An dawo mana da wani abu, ba yawa. Ba zai ishi kowa ba, saboda haka aka ce sai waɗanda har yanzu suke iya tsayuwa da ƙafarsu, waɗanda in an taimaka musu za su zauna da kansu. Sunanki na fara kawowa. Na ce musu ke kike buɗe mini ƙofa."

"In na tsaya za a mai da mini ƙarafana?"

"In kin tsaya, ni da kaina zan tsaya a kan maganar."

"To kama ni."

Suka ɗaga ta su biyu, Manar ta dama, Hatim ta hagu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ƙafar dama ta taɓa ƙasa tana rawa. Ta hagu ta ƙi sauka, tana nan a naɗe kamar ta jariri. Manar ta sa hannu ta ja gwiwar a hankali, tsohuwar ta cije leɓe har ya yi jini, ba ta yi ƙara ba.

"Ku sake ni," ta ce.

"Ummi..."

"Na ce ku sake ni."

Suka sassauta hannu. Ba ta kai ga numfashi ɗaya ba ta sulale, suka tare ta kafin ta kai ƙasa. Ta ce a sake. Aka sake. Da ta nemi a ƙara, Manar ta girgiza kai ta kwantar da ita, ta gyara mata zani.

A waje, kusa da tankunan ruwa, Hatim ya share gumi.

"Kin gani da idonki. Wannan ce za a bari ita kaɗai a ƙasa? Da na biye wa masu surutu da yanzu wani labarin ake yi."

"Na bar ta tana tafiya," in ji Manar.

"Kin faɗa da bakinki. Ku kuka bar ta."

Manar ta ɗauki jakarta ta sauka, domin akwai wasu gidajen da ke jiranta, inda masu ƙafa suke.

Na daɗe ina juya waɗannan maganganu biyu a raina, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu ƙarya a cikin ko ɗaya. Wanda ya rage kasafi a ofis bai taɓa ganin Saudatu ba, adadi ya gani. Hatim bai taɓa ɗaga mata murya ba. Hadil tana hawa matakala da ciwon baya. Rabi'a ta yi kuka na gaske. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya hana ta abinci, kuma in an tara su gaban alƙali kowa zai fita da hujjarsa a hannu. Amma matar da ta buɗe ƙofa da kanta a Sha'aban ta zama matar da ba ta iya juyawa a katifa, kuma rashin tafiyar da aka jawo mata shi ne ya koma dalilin da ake kafawa na ƙin sauko da ita. Zuwan da Manar take yi ba murza ƙafa kaɗai ba ne. Ido ne daga waje. Da aka ɗauke idon, sai gidan ya yi abin da ya fi masa sauƙi, a hankali, cikin ladabi, ana sumbatar goshi.

Bayan wannan rana Saudatu ba ta sake tambayar ɗakinta ba.

Da Rajab ya kama, dillalin, wani mai suna Majid, ya zo duba gidan saboda mausim mai zuwa. Hatim ya zagaya da shi har rufi. Majid ya auna ɗakunan saman da ido, ya leƙa wanda tsohuwar take ciki, ya ga idanunta a rufe. Ya rage murya, ya yi magana da Larabci, kamar yadda ake yi a gaban wanda ake zaton baƙo ne a garin.

"Bana har saman suke so. Ku sai ku tafi Jidda wurin 'yar'uwarka ku yi mausim a can. Wancan ɗakin ba matsala. Wannan fa? Zai samu kafin Zulƙida?"

Hatim ya dubi ƙasa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

A Makka aka haifi Saudatu, da Larabcin garin ta yi wasan ƙasa. Ba ta buɗe ido ba, ta amsa masa da harshen da ya yi tambayar.

"Rubuta shi a cikin naka, ɗana. Zai samu, in sha Allah."